Man Ƙudan Merle Sabatka

Shekara ashirin da shida Merle Sabatka ya yi yana riƙe da makullin siton sinadarai a kwalejin garinmu, nan tsakiyar ƙasar shanu ta Wisconsin. Aikinsa wanke kwalabe, auna gari, jera kayan gwaji kafin ɗalibai su shigo, da kwashe su bayan sun fita. Amma in ka ji shi a teburin soyayyen kifi ranar Juma'a, sai ka rantse shi ya koya wa malaman sashen yadda ake kunna wuta. Farar rigar aikinsa ba ya tuɓe ta ko da kanti zai shiga, ga biro huɗu a aljihun gaba, ga gashin baki da yake murɗawa duk lokacin da zai faɗi abin da bai sani ba. Mu da muke zama muna gyaɗa masa kai ma ba mu fi shi ba. Iliminmu bai wuce madara da cuku ba, saboda haka duk wanda ya iya furta doguwar kalma, malami ne a wurinmu.

A waccan shekarar gonar Orval, ƙanin matar Merle, aka zaɓa ta karɓi karin kumallon watan Yuni, wanda duk gundumar ke taruwa a ci fanke a kalli shanu. Mutum fiye da dubu ake sa rai. Orval kuwa shanu ɗari uku gare shi, ga ramin taki a bayan garke, ga damina ta zo da wuri. Ƙuda ya yi masa yawan da ko hamma ba ya yi sai ya rufe baki da hula.

"Ni dai ƙudan nan ne ke hana ni sukuni," in ji Orval, yana juya kifinsa a faranti. "Gobe zan kira masu feshi."

Merle ya ajiye cokali. Ya murɗa gashin baki. Matarsa Verna ta ga murɗawar, ta ce, "Merle, ci kifinka."

"Feshi!" in ji Merle. "A wannan zamanin? Orval, ƙuda ba kora yake so ba, yaudara yake so. Macen ƙuda tana ɗauke da wani mai a jikinta, shi maza ke bi. In na haɗa maka man nan, muka ɗiga a bokitai can bakin ramin taki, kowane ƙuda a gonarka can zai tare. Baƙinka su ci fanke da baki buɗe."

"Kai za ka haɗa?"

"To wa? Miƙo mini tsinken shan lemo guda uku."

Ya jera tsinkayen tsakanin kwalbar gishiri da ta barkono. "Wannan kabon, wannan kabon. Igiya uku ce ta ɗaure su. Shi ake kira alkayin. In ka shayar da shi iskar haidirojin, igiya ɗaya ta tsinke, haidirojin biyu su maƙale a gurbinta, saura igiya biyu." Ya zare tsinke ɗaya. "Nan ake so a tsaya. In duka biyun suka maƙale ta gefe guda, sarƙar sai ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Wannan lanƙwasar ita ƙuda ya sani."

"In ba ka tsaya ba fa, Farfesa?" in ji Orval.

"In ba a tsaya ba, wata igiyar ta sake tsinkewa, saura ɗaya, ka tashi da kakin kyandir. Amma wannan kuskuren 'yan aji ɗaya ne."

"Ka taɓa yi?" in ji Verna.

"Na ga an yi ya fi sau ɗari."

"Ni ma na ga an tuƙa jirgin sama."

Teburin ya kwashe da dariya, amma dariyar ba ta hana mu yarda ba. Kafin a kawo kek, Orval ya fasa kiran masu feshi, Merle kuma ya riga ya zaɓi wurin da zai tsaya ya yi jawabi.

Alkayin ɗin da ake bukata yana nan a sito, kwalba guda, mai doguwar sarƙa ta kabon ashirin da uku. Dakta Shoua Vang, malamar sashen, ita ta haɗa shi da hannunta don darasin ɗalibanta na kaka, ta ajiye a kabad ɗinta, wanda makullinsa ma ke hannun Merle. Ta tafi taro wata jiha na mako biyu. Merle ya tsaya gaban kwalbar ranar Litinin ya yi shawara da kansa, kansa kuma ya ba shi izini. Ya zuba kashi ɗaya cikin uku.

A kan kanta akwai ƙaramin gwangwanin garin Lindlar, wanda kowane littafi ya ce da shi ake wannan aiki. Garin ƙarfen faladiyam ne da aka raunana da dalma da gangan, don ya tsinke igiya ɗaya ya gaji ya tsaya. Merle ya ɗauka, ya juya, ya mayar.

"Gari mai lalura," ya ce wa bango. "An yi shi ne don waɗanda ba su da agogo."

Ya ɗauko baƙin garin faladiyam mai cikakken ƙarfi, wanda ba ya sanin gajiya. Lissafinsa shi ne minti arba'in, sai ya cire balan-balan ɗin haidirojin da hannunsa. Ya ɗaura, ya kunna injin juyawa, ya ajiye agogo a gabansa. A minti na goma sha biyu wayar sito ta yi ƙara. Wakiliyar jaridar gunduma ce, ta ji labari a wurin kifi, tana neman kalma biyu.

Kalma biyun nan sai da suka ci awa biyu da kwata. Ya ba ta tarihin yarintarsa, ya gyara mata rubutun sunansa sau uku, ya ce kada ta sa masa Dakta, amma in ta sa ba zai yi fushi ba. Da ya dawo, balan-balan ɗin ya yamutse kamar tsohuwar safa.

"Ya sha sosai," in ji Merle. "Alamar lafiya."

Ya tace ruwan a takarda. A jikin gwangwanin baƙin garin an rubuta da jan rubutu cewa kada a bar shi ya bushe a iska bayan ya sha haidirojin. Merle ne ma ya manna takardar, shekara tara da suka wuce. Ya sunkuya yana leƙen takardar tacewa don ya ga ko ta tsane, sai ya ji fuu! Wuta ta tashi ta mutu kafin ya ce wayyo. Takardar ta zama toka. Gashin baki ya tsira da ƙyar, amma girarsa duka biyu sun tafi inda ba a dawowa.

Abin da ya rage a kwalba, da ya ƙafar da ruwan, ya daskare fari fat. Ya ƙwanƙwasa da biro. Kakin kyandir.

Da yamma Verna ta daɗe tana kallonsa daga bakin ƙofa. "Me ya ba ka mamaki haka?"

"Babu abin da ya ba ni mamaki."

"To fuskarka ba ta sani ba. Ina girarka?"

"Zafi ake yi. Na rage."

"Man ƙudan fa?"

"An gama mataki na farko."

Jarida ta fito ranar Alhamis da hotonsa na dā, mai gira, a ƙarƙashin babban rubutu: MASANIN GARINMU ZAI KORI ƘUDA BA FESHI. A gidan mai aka tafa masa. A coci wata tsohuwa ta tambaye shi ko zai iya yi wa sauro ma. Ya ce a bar shi ya gama da ƙuda tukuna, kowa zai samu.

Sati na biyu ya zuba kashi na biyu. Garin Lindlar yana nan yana kallonsa, amma komawa gare shi yanzu kamar amsa laifi ne. Ya tuna akwai wata hanyar da take tsayawa a igiya biyu da kanta, wato a narkar da ƙarfen sodiyam cikin ruwan amoniya mai tsananin sanyi. Ya ga an yi. Abin ma yana da kyan kallo, don ruwan shuɗi yake zama kamar rini.

Ya zama shuɗin kuwa. Merle ya tsaya yana sha'awa, har ya ɗauki hoto. Abu biyu kawai ya manta. Bai tanadi isasshiyar ƙanƙarar da za ta riƙe sanyin ba, kuma bai kunna injin zuƙe iska ba, don ƙararsa na hana shi tunani. Da sanyi ya ja baya, amoniya ta fara tafasa tana tashi. Ta fara da hancin Merle, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta hau bene, ta shiga ajin da ɗaliban jinya arba'in ke rubuta jarrabawa.

Cikin minti goma duk ginin yana filin ajiye motoci, kowa na hawaye da tari. 'Yan kwana-kwana suka zo da mota biyu. Shugabansu, wanda suke wasan kati tare da Merle, ya leƙo ta cikin abin rufe fuska ya ce, "Farfesa, ƙudan ne ka ce za ka kora, ko mu?"

"Gwajin ƙararrawa ne," in ji Merle, hawaye na zuba ba girar da za ta ba fuskarsa mutunci. "Kun makara da minti huɗu."

Daidai nan wata ƙaramar mota ta tsaya, Dakta Vang ta fito da jakar tafiya a hannu. Mace ce 'yar ƙarama, ba ta ɗaga murya, abin da ya sa kowa ke tsoronta ke nan. Ta shaƙi iska sau ɗaya, ta dubi ginin, ta dubi goshin Merle.

"Merle, nawa ya rage a kwalbata?"

"Wace kwalba, Dakta?"

"Jaridar garin nan har a waya ake karanta ta."

"Kashi ɗaya cikin uku," ya ce a hankali. Sai kuma ya farfaɗo. "Amma wannan karon an dace. Bari iska ta washe ki gani."

Da aka bari suka shiga, ya wanke abin da ya samu, wani mai garai-garai kamar ruwa. Ya ɗebi ɗigo a ƙaramar kwalba, ya ɗiga masa jan ruwan buromin. Jan ya ɓace nan take.

"Kin gani! Ya shanye. Da kaki ne da jan ya zauna. Igiya biyu, Dakta, ga ta nan."

Ta ɗebi ɗigo daga kwalbarta, wadda ba a taɓa ba, ta ɗiga buromin. Jan ya ɓace.

"Mai igiya uku ma yana shanyewa," ta ce. "Ya ma fi ci. Gwajinka ya nuna ba kyandir ka yi ba, shi ke nan."

"To ai ci gaba ne."

Ta sa man a na'ura, suka jira. Da takarda ta fito ta shimfiɗa masa. "Rabi bai ko motsa ba, yana nan da igiyarsa uku. Rabin da ya motsa, haidirojin ɗaya ya shiga ta nan, ɗaya ta can. Haka sodiyam ke yi kullum. Sarƙar ta miƙe maimakon ta lanƙwashe. Ƙuda zai wuce ta ko kallo ba zai yi ba."

"Ƙudan Wisconsin ba su da tsirfa haka."

"Merle."

"Na'am, Dakta."

"Shugaban kwaleji yana son ganinka, na ce masa sai bayan karin kumallon ranar Asabar. Ba don kai ba. Don Orval, da ya fasa feshi saboda bakinka, kuma yanzu masu feshin ba su da rana sai watan gobe. Gobe da safe za mu yi na ƙarshe. Ni zan yi. Kai za ka riƙe balan-balan."

Haka aka yi. Ta auna garin Lindlar, ta zuba sauran alkayin ɗinta, Merle yana tsaye da balan-balan kamar mai jiran bikin haihuwa. Haidirojin ya yi ta shiga, ya yi ta shiga, sai ya tsaya cak, ba wanda ya taɓa komai.

"Da ma nan nake shirin cewa a tsaya," in ji Merle.

Na'ura ta nuna igiya biyu, a lanƙwashe. Dakta Vang ta juye man a ƙaramar kwalba. Garai-garai yake, ba wari ba ƙamshi, ba ka bambanta shi da na jiya.

"Rubuta suna a jiki," ta ce. "Wancan na banzan kuma, da kakin, ka zuba su a durom ɗin shara."

"Yanzu kuwa."

Tana fita ya duba kwalaben biyu. Rubuta suna aikin mai mantuwa ne. Zubar da mai kuma, ko na banza ne, ba halinsa ba ne. Mutumin da ke da gwangwani goma sha ɗaya na tanƙwararrun ƙusoshi a gareji. Ya sa mai kyau a aljihun dama, na banza a aljihun hagu, ya naɗe kakin a takarda. Dama mai kyau, hagu shara. Ko yaro ba zai ruɗe ba.

Ranar Asabar ya tashi tun hantsi bai yi ba. Farar rigar tana rataye a jikin ƙofa, tana fuskantarsa. Ya miƙa hannun dama ya zaro kwalbar da ke damansa, ya sa a kwandon bokitai. Ya miƙa hagu ya zaro ɗayar. Bai tsaya ya tuna cewa rigar da ke kallonka, damanta yana hagunka ba.

Ya dubi madubi, abin ya dame shi. Mutum dubu za su kalli goshin nan. Dabarar da ta zo masa ita ce a ƙawata gashin baki har ido ya manta da sama. Ya narkar da kakin a murfin gwangwani, ya tuttula masa man da yake zaton na banza ne don ya yi laushi, ya juya. Abin ya fito kamar man kanti. Ya murɗe gashin baki har ƙarshensa ya yi tsini. Ya shafe sumarsa ta kwanta luf. Saura ya goga wa takalma, ya share hannu a gaban riga.

"Yau kuma ango za a yi?" in ji Verna. "Zo nan." Ta zana masa gira biyu da fensirin kwalliyarta. Ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, sai ya zama kamar mai shakkar duk abin da ake gaya masa.

A gona, ya jera bokitai goma sha biyu a bakin ramin taki, kowanne da ruwan sukari da takarda mai danƙo, ya ɗiga musu mai yana ƙirgawa da ƙarfi don masu kallo. Ƙudaje biyu-uku suka bi shi zuwa mota. Ya ce ban kwana suke yi.

Ƙarfe tara rumfa ta cika maƙil. Layi ya kai bakin titi, fanke na tashi a kan faranti, ana zuba zumar itacen mepul, 'yan badujala na busa kiɗan polka. Orval ya sa sabuwar riga, ya hau kan tirelar ciyawa da aka mayar dandamali, ya karɓi makirufo.

"Jama'a, kun karanta a jarida. Bana ba mu yi feshi ba. Ga mijin yayata, shi zai gaya muku dalili."

Merle ya hau, ya dafa kafaɗar fasto da ke zaune a gefen dandamali, ya gyara makirufo. Rana ta fara dukan sumarsa, man ya ɗumama.

"'Yan'uwa manoma," ya fara, "kimiyya ba ta ihu. A hankali take aiki."

Ƙuda ɗaya ya sauka a tsinin gashin bakinsa na dama. Ya hure shi. Ya dawo da abokai biyu.

"A yanzu haka da nake magana, kowane ƙuda a gonar nan yana can bakin rami..."

"Ban da wannan!" wani ya yi ihu daga baya.

"Wannan baƙo ne, daga gonar maƙwabta ya zo, bai san hanya ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma masu zama a gaba sun fara ajiye cokula. Daga wajen garke wani abu kamar hayaƙi yana tasowa, yana bin iska, yana nufo rumfa. Ya wuce kan fanke bai tsaya ba. Ya wuce zuma, ya wuce cuku, ya wuce jarirai. Ya sauka a kan Merle.

Sumarsa ta fara motsi da kanta. Takalmansa suka ƙara girma. Gashin bakin ya yi kauri har ya kusa haɗewa da kunne. A kafaɗar fasto, daidai inda aka dafa, shatin hannu ya fito baƙi ƙirin, yatsu biyar cif. Fasto ya duba, ya tashi a natse, ya tuɓe kwat ɗinsa ya jefar bayan tirela.

"Alkayin," in ji Merle, yana kaɗa hannu, "igiya uku gare shi, idan aka..." Ya ja numfashi don ya ƙarasa, ya ja har da ƙuda biyu daga cikin masu saurarensa na kusa. Tarin da ya yi ta lasifika sai da shanu suka amsa daga garke. Gumi ya karyo, girar Verna ta narke ta gangaro ta gefen hanci. Mai busa babban ƙaho ya yi ƙoƙarin ci gaba da kiɗa, dariya ta shiga ƙahon ta fito da wani sauti da ya ƙarasa kashe jama'a.

"Merle Sabatka!" Verna ta miƙe tsaye. "Me ka shafa?"

"Na banzan ne! Na hagu!"

Dakta Vang ta riga ta je bakin rami ta dawo, farantinta a hannu. Ta tsaya nesa da dandamali kaɗan. "Bokiti goma sha biyu," ta ce, "ƙuda bakwai. Su ma sukari ya kai su. Merle, ka rubuta suna a jikin kwalaben?"

"Na rubuta a ka."

"Ga shi kuwa a kan. Nawa ka zuba?"

"Duka."

"Abin da zai ishi gona goma ke nan." Ta juya ga Orval. "Man ya yi aiki. Yawancin waɗannan maza ne. A ganinsu ba a taɓa yin mace irin mijin yayarka ba."

Makirufo yana kunne, kowa ya ji. Wata mata ta faɗo daga benci. Verna ta koma ta zauna, ta rufe fuska da adiko, kafaɗunta na rawa. "Shekara talatin da ɗaya da aure," ta ce, "ban taɓa ganin ana layi dominsa ba."

Orval bai yi dariya ba, don ƙudan da ba su samu wuri a jikin Merle ba sun fara sauka a tebura. Wata uwa ta ɗauki ɗanta tana neman hanyar fita, wasu na bin ta. Shekara biyu ya yi yana neman a ba gonarsa wannan rana. Ya dubi teburan, ya dubi Merle, ya dubi ramin taki can nesa.

"Farfesa," ya ce, "ɗan matsa can ƙarshen tirela."

Merle ya matsa. Hayaƙin ya matsa tare da shi.

"Sauka. Yi gaba. Ƙara."

Duk takun da ya yi, tebura na washewa. Da ya kai bakin rumfa, babu ƙuda ko ɗaya a kan fanke. Uwar nan ta tsaya, ta dawo ta zauna.

"Har ina?" in ji Merle ta gefen baki.

"Har inda ka ce za su taru."

Merle ya tsaya. Yana iya rugawa mota, ko ya faɗa kwamin shan ruwan shanu. Ya waiwaya ya ga ƙanin matarsa cikin sabuwar riga, gumi ya jiƙa ta, yana kallonsa ba wasa a fuska. Sai ya gyara farar rigarsa, ya ɗaga kai, ya bi ta tsakanin motoci da taraktoci ya nufi ramin taki, rundunarsa na biye. 'Yan badujala suka ga tafiyar ta yi kama da fareti, suka sa mata kiɗa. Mutum dubu suka tashi suna tafi.

Awa uku ya yi a can, a kan bokitin da ya kifa. An ci fanke an ƙoshi, har aka ce ba a taɓa karin kumallo mai tsabta irin na bana ba. Mutane suka riƙa zuwa kallonsa daga bayan shinge bayan sun gama da 'yan maruƙa. Wakiliyar jarida ta ɗauki hoto, ta tambaye shi ko yana da kalma biyu. A karon farko a rayuwarsa ya girgiza kai, don buɗe baki a wurin yana da tsada.

Wajen sha biyu Dakta Vang ta zo da gahawa a kofi mai murfi da tsinke, ta miƙa masa da tsawon hannu.

"Shugaban kwaleji yana rumfa," ta ce. "Ya ci fanke tara. Ya ce ranar Litinin ka mayar da makullin kabad ɗina, na sito kuma ka riƙe. Ni kuma ina da sharaɗi. Darasin da ka cinye mini, kai za ka biya shi. Da kaka za ka tsaya gaban ɗalibaina ka gaya musu duk abin da ka yi, ɗaya bayan ɗaya."

Merle ya zuƙi gahawa, ya kare baki da hannu. "Wato lacca zan bayar."

"Misali za ka zama."

"A gaban aji dai."

"A gaban aji."

"To a rubuta a allo da kyau. Sabatka, da harafin ka, ba ca ba."

Verna ta ƙi a sa shi a motarta. A bayan a-kori-kurar Orval aka kai shi gida, a tsaye, iska na rage masa masoya. Sau huɗu ya yi wanka da sabulun wanke kwanoni, gashin bakin kuma dole aka aske, aka ƙone rigar da takalman a bayan gareji.

Da la'asar Orval ya dawo da ragowar cuku. Ya tarar da Merle a baranda, fuska sumul kamar dafaffen ƙwai, ƙuda ɗaya mai naci yana zagaya kunnensa.

"Mutanen gonar Halvorsen sun tare ni," in ji Orval. "Su ke karɓar baƙi baɗi. Sun ce in tambaye ka."

"Man suke so?"

"A'a, man Dakta za ta haɗa. Wanda zai shafa suke nema."

Merle ya kai hannu zai murɗa gashin baki, ya tarar ba komai a wurin. Ya dubi ƙudan.

"Ka ce musu zan zo," ya ce. "Amma a tanadi kujera mai jingina. Bokitin nan bai dace da mutum mai matsayina ba."